Ƙofar da Yaya Bello Ya Buɗe

Ranar wata Juma'a ce a tsakiyar rani, shekarar da nake aji biyar a firamare, Kawu Sanda ya jingine babur ɗinsa a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a Gangara, ya zaro sabuwar waya ya miƙa mana don mu bar shi ya ci tuwo a natse. Ƙanen Innarmu ne, yana jigilar kaya zuwa Nijar ta Burkusuma, kuma duk Juma'a a gidanmu yake yada zango. A can ya sayo wayar, da wani wasa a cikinta wanda ko shi bai taɓa buɗewa ba. Wata 'yar yarinya ce riƙe da fitila, tana yawo cikin wani kufai a ƙarƙashin ƙasa, ɗaki bayan ɗaki, kowace ƙofa a garƙame. Babu faɗa, babu tsere. Sai ka tura dutse, ko ka juya madubi haske ya bugi bango, sannan ƙofa ta buɗe da wata irin ƙara mai tayar da tsigar jiki.

Yaya Bello, babban wanmu, shi ya fara karɓa, kamar yadda yake fara karɓar komai a gidan, har ƙanzon tukunya. Bai jima ba ya ce wasan ragwaye ne tunda ba a harbin kowa, ya jefa mini a cinya. Ni kuwa wasan ya shiga raina sosai. Ina surfe ina tunanin duwatsu, ina jan guga ina lissafin ƙofofi. A bayan rumbu nake zana ɗakunan da tsinken kara, awaki su tattake, gobe in sake. Akwai ɗakin da sai an cika wasu kwamaye, irin na lambu, da ruwa, ya cinye mini Juma'a uku. A fadama na gano bakin zaren, ranar da na kai wa Baba fura na tarar yana ban ruwan albasa, yana toshe magudana da laka yana buɗe wata. Ya ce da ni, "Na nesa a ka hwara ba ruwa, sannan a dawo na kusa." Da Juma'a ta zagayo haka na yi a wayar, ƙofa ta buɗe, na yi ta tsalle ni kaɗai har Inna ta leƙo.

Sai da rani ya kusa ƙarewa na isa ƙofa ta ƙarshe, wata ƙatuwa mai zane-zane. Na jera komai a wurinsa, saura dannawa ɗaya. Wautar da na yi kenan, maimakon in danna, sai na ruga tsakar gida ina shela. Yaya Bello, wanda rabonsa da wasan tun ranar farko, ya miƙo hannu. Na ɓoye wayar a bayana. Inna ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗe ba, ta ce, "Ba shi mana, yayanki na. Shi ka hwarawa, sannan ke." Ya karɓa ya shige zaure, inda Baba da Kawu da baƙi suke zaune bayan saukowa daga masallaci, inda ya san 'ya mace ba ta isa ta saka ƙafa ba. Na tsaya jikin katanga. Na ji ƙarar ƙofar, na ji wani kiɗa mai daɗi wanda ban taɓa ji ba, na ji Kawu yana cewa, "Kai Bello, kana da kai!" Ni kuma aka kira ni wanke-wanke.

Da wayar ta dawo hannuna, yarinyar ta koma ɗakin farko, kamar ban taɓa yin komai ba. Na tambayi Yaya Bello abin da ya gani. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ba komi, haske na da rubutun Faransanci." Na haɗiye fushina na ce zan sake daga tushe. Juma'ar da ta biyo baya Kawu ya zo, wasan babu. Ya kai wayar wurin mai tura waƙoƙi a kasuwa, an goge shi an zuba waƙoƙi, tunda ai Bello ya gama. Ranar na yi kukan da ban yi ba lokacin da kunama ta harbe ni, kuma babu wanda ya ga an cuce ni. Abin da ya fi ƙona mini rai kenan.

Yanzu ina koyarwa a Isa, ina da wayata, na nemi wasan har na gaji, don ko sunansa ban sani ba. Kawu ya daina bin waccan hanya tun da ta daina biyuwa. Yaya Bello ya yi furfura, idan na tayar da maganar da Salla sai ya yi dariya ya rantse bai tuna ba, ni kuma har yanzu ba na taya shi dariyar. A gidana babba yana fara wanke hannu, yana fara ɗaukar nama, ban hana ba. Amma abin da yaro ya sha wahalarsa, shi zai ga ƙarshensa. Ni ban ga nawa ba.