Inna Cokali da Hular Baba Tela

Kowace safiya, kafin ta tura keken magani cikin ɗakin tsofaffi na asibiti, sai nas ɗin nan da ake kira Inna Cokali ta zagaya gadaje tana tayar da filo. Ba ta ba mutum ƙwaya a kwance. Za ta zaunar da shi, ta ba shi kurɓin ruwa, ta zuba wa maƙogwaronsa ido. In ya yi tari, ƙwayar ta dakata ke nan sai an sake shawara. Cokalin da ba ya rabuwa da aljihunta shi ya ja mata sunan.

Labarin Baba Tela har yau ana ba da shi a ɗakin. Hawan jini ya kwantar da tsohon, magani ya ƙi aiki, likita har ya fara tunanin ƙara masa ƙarfi. Ran nan Inna na gyara masa filo, hularsa ta faɗi, sai ga ƙwayoyi suna gangarawa ƙarƙashin gado.

"Baba, kantin magani za ka buɗe mana?"

Ya sunkuyar da kai. "'Yata, wata ta taɓa maƙale mini, na ga mutuwa ƙiri-ƙiri. Kunya nake ji a ce ƙato kamar ni ƙwaya ta gagare shi."

'Yarsa da ke jinyarsa ta ce ai da sauƙi, a daka masa mana.

"A'a, ƙanwata," in ji Inna. "Wannan an yi ta ne ta narke a hankali. In kika daka, ƙarfinta gaba ɗaya zai sauka masa."

Ta sami likita da mai haɗa magani, suka canja masa zuwa na ruwa mai ɗan kauri. Ita ta ba shi cokalin farko. "Sauke haɓa, Baba, kamar za ka zura zare a allura." Ya haɗiye lafiya lau, ya fashe da dariya har da hawaye. Jini ya sauka, ya koma kan kekensa na ɗinki.

Inna, ke ce ba ki taɓa gaggawa a kan bakin tsoho ba. Ke ce kika san tsoro ma ciwo ne, kika yi masa magani da raha.

Ranar da ta yi ritaya, Baba Tela ya zo da ƙafarsa, riƙe da rigar da ya ɗinka mata. A ƙirjin rigar akwai wani siririn aljihu, daidai tsawon cokali. Inna ta yi dariya, sai kuma kuka ya ƙwace mata.

Mun gode, Inna, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu tsoho a gida, ku yi koyi da ita: ku zaunar da shi, ku tambayi masana kafin ku daka ƙwaya, kuma ku riƙa leƙa cikin hula.