Inusa Mai Famfo da Aikin Dangwale

Faɗan da na yi da Inusa, wanda har yau mata ke tuna mini da shi, a kan ruwa ne. Shekara biyu bayan an kafa mana shato a ƙauyenmu na gefen Gangara, wato dogon tankin nan da hasken rana ke turo masa ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ana tsakiyar bazara Inusa ya rufe famfo kwana huɗu. Na ɗauki bokitina na same shi zaune a ƙasa, ya baje cikin injin a kan buhu kamar mahauci da hanjin akuya. Na zagi hannunsa, na zagi kunnuwansa, na ce tun ranar sunansa na ga alamar zai wahalar da mutane. Abin da ya ce kawai shi ne, "Gwaggo, a yi haƙuri, jibi." Jibin ta zo, ruwa ya zo, kuma famfon ya yi shekara shida bai sake tari ba. Ban ba shi haƙuri ba. Na aika masa da fura a babbar ƙwarya, ya gane.

Ɗan ƙanena ne, marigayi Labo. Uwarsa 'yar Gidan Sori ce, mace mai shiru, kuma ita ya ɗauko. An sa shi lakol ya yi aji huɗu, malaminsu ya ce kansa dutse ne, ya dawo gida. Dutsen nan kuwa shi ya kwance rediyon ubansa ya mayar, har ta kama tashoshin da ba ta taɓa kamawa ba. Da ya yi gemu aka kai shi Maradi wurin wani Ishaku mai haƙar rijiyar burtsatse, ya yi shekara takwas yana ɗaukar ƙarfe yana kallo. Ya dawo ya auri Rukaiya, suka haifi huɗu. Gonarsa ta hatsi ba ta kai su damina, don haka babur ɗinsa da jakar ƙarafansa su ne rumbunsa na biyu. Daga Gangara har Agiye, duk famfon da ya yi shiru shi ake kira. A sallame shi da wake, ko da zabo, wani lokaci da addu'a kaɗai.

Yanzu ga inda laifinmu yake, don ba zan ɓoye ba. A gidanmu mutum ba ya yabon kansa. Labo yakan mari yaro in ya ce "na iya". In an tambaye ka dami nawa ka samu bana, ka ce an gode Allah. In kana neman mata, ko aron gona, ko aiki, ba kai za ka buɗe baki ba, manyanka ne za su je su zauna su faɗi halinka, kai kuma ka sunkuyar da kai kana wasa da tsinke. Ni da kaina na taya Labo cusa wa Inusa wannan, kuma ya shige shi har ƙashi.

Bara da kaka, wani proje, irin ƙungiyoyin nan masu aikin raya karkara, mai buro, wato ofis, a Agiye, ya ce zai ɗauki mutum ɗaya da zai riƙa kula da famfunan ƙauyuka goma sha biyu, da albashi duk wata. Famfunan nan kuwa babu wanda Inusa bai san cikinsa ba. A lokacin ya riga ya gaya wa Rukaiya cewa in bai samu abin yi tsayayye ba, arewa zai yi wurin haƙar zinariya, inda mazan garinmu ke tafiya wasu su dawo da tari, wasu ba a sake jin labarinsu. Saboda haka da na ji zancen aikin na ce Allah ya kawo mana mafita.

Amma aka ce ba a kai takarda da hannu. Ta salula ake nema. Akwai wani Sabi'u a tashar Agiye, magidanci ne da mata biyu, yana da rumfar cajin salula, shi ke shigar wa mutane. Ya nuna mini yadda abin yake, don na tsaya a kansa sai da na gani. Ka zuba sunanka da labarinka sau ɗaya a wani wuri da masu ba da aiki ke liƙa sanarwa, shi ke nan. Daga nan duk aikin da ya fito, ka dangwala yatsa a kan wani koren abu, ka nema ke nan. Ba wanka, ba sabuwar riga, ba kuɗin mota, ba gaisuwa. Sabi'u ya ce shi kansa kullum kafin shayinsa ya huce yakan nemi aiki ashirin. Ya nemi aikin direba, ya nemi na magatakarda, ya taɓa neman na ungozoma ma. Na tambaye shi ko ya san yadda ake yanke cibiya, ya ce ai dangwalawa ba ta cin komai.

Da aka zo gurbin da ake rubuta abin da mutum ya iya, Sabi'u ya ce zai sa shekara ashirin, babban gwani, shugaban masu gyara. Inusa ya riƙe masa hannu. Ya ce a rubuta yana ɗan taɓa gyaran famfo, kuma ya taɓa zama ƙarƙashin wani maigida a Maradi. Sabi'u ya yi ta fama da shi, ya ce inji ne ke tace takardun, kuma manyan kalmomi yake nema. Inusa ya ce shi ba zai tsaya gaban mutanen da bai sani ba yana buga ƙirji, sauran bayani manya za su je su yi. Ina tsaye a wurin. Na gyaɗa kai, har ina jin daɗin tarbiyyarmu. Allah ya yafe mini.

Bayan mako biyu muka shirya. Ni, da liman, da ƙanen maigari, muka hau amalanke zuwa bakin titi, muka shiga mota zuwa Agiye. Na ɗaura zanen da nake zuwa biki da shi, liman ya riƙe goro a ƙunshi. Mai gadi ya ce ba a ganin kowa kan zancen aiki, na ce masa na girmi uwarsa kuma zan zauna a ƙofar nan har ya tashi aiki, sai ya buɗe.

Wanda muka samu a ciki sunansa Tanimu, mutum mai ladabi, idanunsa ja kamar wanda hayaƙi ya dama. Ya saurari liman har ƙarshe. Ya saurare ni, kuma ni ba na gajarta magana. Sannan ya juyo mana da allon kwamfutarsa, yana murza wani abu, sunaye na gudu kamar tururuwa. Ya ce mutum dubu uku da ɗari takwas suka nemi aikin nan guda. Daga Yamai, daga Damagaram, daga ƙasashen bakin teku, har da masu digirin shari'a. Ya ce a da in sun yi sanarwa takarda talatin ke zuwa, ya karanta su a wuni ɗaya, ya kira mutum ya ba shi ƙarfe ya gani. Yanzu ko shekara aka ba shi ba zai gama ba, shi ya sa manyansu suka sa inji ya zaɓo arba'in, ya zubar da sauran.

Na ce to ya duba mana a arba'in ɗin. Ya duba. Babu Inusa.

"Gwaggo, na san shi," in ji Tanimu. "Famfon gidana ma shi ya gyara. Amma ba ni da hannun da zan ɗauko shi daga inda ya faɗa."

Na ce ya karanto mana waɗanda suka tsallake, mu ji 'ya'yan wane ne. Ya fara karantawa. Na goma sha ɗaya Sabi'u ne mai cajin salula, wanda ko ƙusa bai taɓa bugawa daidai ba. Liman ya yi salati a hankali ya mayar da goronsa aljihu.

Ba Sabi'u aka ɗauka ba, an dai kira shi ta salula ya yi ta in'ina. Wani Muzammil aka turo mana daga Yamai, saurayi mai tsabta da takalma masu ƙyalli. Ba zan yi masa sharri ba, yana gaida mutane. Shi da bakinsa ya gaya mini cewa ranar da ya nemi aikinmu ya nemi wasu sittin a zama ɗaya, kuma sai da aka kira shi ya tambayi inda Gangara take. Takardar da ya tura ma, ya ce, wani abu ne a cikin salula ya rubuta masa ita. Wato inji ya rubuta, inji ya karanta, suka yaba wa juna, mu kuma aka aiko mana da sakamakon.

Famfon farko da ya tsaya, Muzammil ya zo ya ɗauki hotonsa ta gaba da ta baya, ya tura Agiye. Kwana tara mata na tafiya tsohuwar rijiya, guga na fitowa da laka. A na goma Muzammil ya je gidan Inusa a sace, ya roƙe shi. Na hana Inusa zuwa, na ce a bar su su sha hoton. Ya ce yara na fama da gudawa, ya ɗauki jakarsa. Kafin azahar ruwa ya zo. A takardar da aka kai buro, sunan Muzammil ne a kan gyaran. Haka aka yi sau biyar. Wata na uku Muzammil ya dangwalo wani aikin mai fanka a birni, ya tattara ya tafi, ko sallama bai yi wa maigari ba.

Proje ya sake liƙa sanarwa. Sabi'u ya aiko da saƙo ranar da ta fito, ya ce an ba da mako biyu. A wannan karon na ga hanya. Na kira Inusa na ce masa tunda bakinsa ba zai yabe shi ba, nawa zai yi. Ni zan zauna gaban Sabi'u in faɗi shekarunsa da famfunansa ɗaya bayan ɗaya, Sabi'u ya juya su cikin manyan kalmomin da injin ke so. Ba shi ya yi fahariya ba ke nan, gwaggonsa ce ta yi shaida, kamar yadda aka saba. Ya ce to. Na kwana uku ina jera abin da zan faɗa, ina ƙirga ƙauyukan da yatsu don kada in manta ko ɗaya.

Muka bari sai ranar kasuwar Agiye, don wa ke tashi ya shiga mota zuwa gari ba ranar kasuwa ba, alhali an ce akwai mako biyu? Kwana huɗu ne kacal tsakani. Muka isa da hantsi, na zauna a bencin Sabi'u na gyara murya. Ya shafa salularsa, ya sake shafawa, sai ya juyo mini da ita. Koren abin nan ya koma toka. An rufe tun shekaranjiya, saboda mutum dubu biyar sun riga sun dangwala kuma wurin ya cika.

Na tafi buro da ƙafata. Tanimu ya fito har waje ya same ni, ya ce daga sama aka rufe, shi ma da safe ya gani. Na tambaye shi ko a cikin dubu biyar ɗin akwai wanda ya san ƙamshin ruwan Gangara. Ya ce bai sani ba, bai buɗe ko ɗaya ba tukuna. Ban zage shi ba. Mutumin da aka ajiye a kujera aka ce ya ɗauki ma'aikaci, aka kuma hana shi kallon fuskar kowa, me zagi zai ƙara masa?

Muka dawo gida ni da Inusa. Ya gama sussukar hatsinsa, ya gyara wa Rukaiya dangar gida, ya zagaya famfunan nan goma sha biyu ya ɗaure abin da ya yi sako-sako ba wanda ya sa shi. Sannan ya sayar da babur ɗin.

Ranar tafiyarsa na raka shi bakin titi, ko da yake gwiwoyina ba su so. Rukaiya ta tsaya a gida, ba ta iya fitowa ba. Muna jiran motar Agadas sai ya laluba aljihu ya fito da makullin ɗakin injin shato. Ashe tun ranar da aka kafa shi makullin na hannunsa, duk cikin masu takardun nan ba wanda ya taɓa tambayar inda yake. Ya miƙo mini, ya ce in ba wanda za a turo.

Na ture hannunsa. Na ce, "Mayar da shi aljihunka, Inusa. Ranar da suke son ƙofar nan ta buɗe, su hau mota su neme ka, su tambaye ka da baki."