Furanni a Kujerar Uwargida

Wiebke tana zaune a shagon motoci a Oldenburg ta ƙasar Jamus, tana jiran a sa wa motarta tayoyin hunturu, sai idonta ya faɗa kan wani dattijo. Dogo ne, baƙar kwat ɗinsa ta yi masa yawa a kafaɗa. Yana riƙe da hularsa hannu biyu kamar wanda ya shiga coci.

Dillali ya yaye mayafin da aka lulluɓe motar dattijon da shi. Jif ce ruwan toka, ta masu hali, sai ƙamshin sabuwar fata take yi. Ya ɗauko damin furanni, kamar yadda aka saba ranar karɓar mota.

"Yallaɓai, wata tara ana jira, yau dai ga ta! Ina uwargida? Ita fa ta zaɓi kalar, ta ce kai ba ka da ido."

"Haka ta ce," in ji dattijon. "Kawo furannin."

Bai nufi sitiyari ba. Ya zagaya ɗaya gefen, ya buɗe ƙofa, ya dafa kujerar. Tsayinta daidai mai ciwon ƙugu, Wiebke ta raya a ranta, a shiga ba sai an durƙusa ba. A nan ta hango zoben aure biyu a hannunsa na dama, ƙaramin, na mace, a ɗan yatsansa na ƙarshe, kamar yadda wanda matarsa ta rasu kan sa.

Ya kwantar da furannin, ya jawo bel ya ɗaura musu.

"Nuna min inda ake ɗumama kujerar nan," dattijon ya ce. "Ba ta son sanyi."