Tagullar Cikin Kan Jirgi

Daga inda take dafa shayi a kasuwar Suk al-Shabi, Kubra tana kallon wani tsoho da ke tsugune gaban mai sayen tsofaffin ƙarafa. Jallabiyarsa ta yi masa yawa, kamar ta aro. A cinyarsa akwai ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, ƙirar hannu. Ba shi da bututun hayaƙi, sai wani siririn ƙarfe a samansa mai lasar waya, irin na taragon lantarkin da ya taɓa jigilar mutane zuwa birnin Omdurman.

"Duba, ɗana," in ji tsohon. "Kowace ƙafa da injinta. Ba shi wuta ka gani."

"Wace wuta, ya Hajj? Ni tagullar ciki kawai nake saye."

Tsohon bai ja da shi ba. "Allurar ciwon sukarin mai ɗakina ce ta ƙare," ya ce a hankali. Ya zaro sukudireba, ya buɗe kan jirgin.

Kubra tana zaton a wurin gyaran jirage ya ƙarar da ƙuruciyarsa, domin kafin ya kama wayar da ke ciki sai da ya taɓa ta da bayan hannu, yadda masu aikin lantarki ke yi don kada wuta ta riƙe su. Tun da yaƙi ya shigo, layin nan ya manta rabonsa da wuta. Hannun tsohon bai manta ba.

Yanzu yana warware tagullar a hankali, ya kau da kai, kamar mai riƙe wa mahauci akuyar da ya kiwata.