Shekarar da Mama Ta Daina Jiƙa Masara

Wahala dai mun sha ta, ba sai na yi mata ado ba. Zamanin mulkin gurguzu ne, da kowa ya koma "kamarad", har malaminmu na lekol, wato makarantar boko. Uwata ta rasu ina ƙarami. Babana direban babbar mota ne, in ya nufi arewa sai na kusa manta kamanninsa. Wata Kirista mai haya a gidanmu na Zongo ita ta riƙe ni, Mama nake ce mata. Koko take sayarwa, kullum da masara jiƙe a randa, gidan duk ƙanshin tsami.

Sai ta fara zuwa addu'a wani gida a unguwar Avotrou, a ɓoye, don hukuma ba ta son taro. Can ta samo maganar fyaucewa: wai Almasihu zai dawo ba sanarwa, ya ɗauke nasa sama da ransu, a bar sauran a ƙasa. Mijinta ɗan Katolika ne, kafinta, akwatin gawa yake yi.

"Fadan cocinmu bai taɓa faɗa mana haka ba," in ji shi. "Ke da ko tsani ba kya iya hawa."

Mama ta ce, "Kai dai yi ta haɗa akwatin. Ka ga mai shiga."

Kullum haka, suna ci a kwano ɗaya suna yi. Daga baya ta daina jiƙa masara. Masara sai ta kwana biyu a ruwa, ita kuwa ta ce wa ya san gobe, wa zai kai niƙa? Randa ta bushe, cikinmu ma haka.

Ni kuma sai in kwanta a kan murfin rijiya ina kallon gajimare yana tasowa daga teku. Sai in ga matan kasuwa suna tashi a hankali da faranti a ka, zannuwansu na kaɗawa, jiragen ruwa na yawo ba kowa a ciki. Abin yana yi mini kyau, har sai na tuna ni Musulmi ne.

Wata rana da yamma na ce, "Mama, ni fa?"

Ta ce, "Kai ɗan babanka ne. Ba zan raba ka da sallarka ba."

"To wa zai riƙe ni?"

Mijinta ya ajiye guduma. Ita kuwa hannu kawai ta ɗora mini a ka.

Yau duk sun mutu, Zongo ya cika da benaye, masu wa'azi na ta musun fyaucewar nan a lasifika. Ban yi karatun da zan raba su ba. Abu ɗaya na sani lokacin: Mama ba ta taɓa tafiya ko'ina ta bar aiki rabi ba.

Washegarin ranar da na yi mata tambayar, da sassafe na jawo ruwa a rijiya, na juye sauran masarar duka a randa, na zauna a gefe ina jira ta fito ta gani.