Ƙananan Akwatuna a Ajin Matan Kasuwa

Ranar da kwamfutocin suka iso makarantarmu a unguwar Nima da ke Accra, na ɗauka an manta da rabin kayan a tashar jirgin ruwa. Wasu tsofaffin ɗalibanmu da ke aiki a ƙasar waje ne suka haɗa kai suka aiko da su. Makarantar ba wata babba ba ce, ɗakuna ne a gaban gidan kawuna, ƙanen mahaifiyata: yara da safe, matan kasuwa bayan la'asar. Ni nake koya wa matan karatu da rubutun boko. Da muka buɗe kwalayen sai muka tarar da alluna masu haske, da kibod, da linzami, da wasu ƙananan baƙaƙen akwatuna waɗanda ba su fi ƙaramin littafi girma ba. Kwamfuta ta gaske, mai nauyi, guda ɗaya ce tak a cikin kayan.

Kawu ya ɗauki akwati ɗaya, ya girgiza shi kusa da kunnensa. "Wannan babu komai a ciki," in ji shi. "Kira autarku ta zo ta gani."

Autarmu ita ce ƙanwata ta ƙarshe. Ni na riƙa riƙe hannunta ina tsallakar da ita babbar kwata in za ta je makaranta, amma a lokacin nan ta yi karatu a Kumasi, tana aikin haɗa kwamfutocin ofisoshi. Ta zo ranar Asabar da jakar kayan aiki a kafaɗa. Da ta ga akwatunan sai ta yi dariya.

"Kawu, ka yi gaskiya, kusan babu komai a ciki. Haka aka yi su. Duk tunanin a waccan babbar ake yi. Waɗannan ƙananan aikinsu su ɗauki abin da mutum ya danna su kai mata, su dawo da hoton abin da ta yi."

"Duka a lokaci ɗaya?" na tambaye ta.

"Duka, Yaya. Kowa zai ɗauka shi kaɗai take wa aiki."

Na ce to sai mu sa waifai, mai haɗa na'urori ta iska, mu huta da jan kebul. Ta kalle ni, ta kalli tsakar gida, inda 'yan haya suka cika kowane ɗaki, ta ce in ta ba ni kalmar sirri da safe, kafin azahar mai aski na bakin titi ya san ta. Ban musa ba, don na san mutanen gidanmu. Ban da haka, ta ce, bangon bulo da rufin kwano suna cin ƙarfinsa. Kebul za mu ja, kowane akwati da nasa.

Muka hau trotro, ƙaramar bas ta haya, zuwa unguwar Circle. A wani lungu da ake sayar da kayan waya da kwamfuta, ta sa aka yanko mata guntun kebul, ta kankare shi da reza, ta duba ko jan ƙarfe ne har ciki ko shafe aka yi masa. Na farko ta mayar. Na biyu ta karɓa. Muka dawo da ƙaton naɗi a kan cinyoyinmu, yaron mota yana mita wai kayanmu sun cinye kujerar mutum guda.

Aikin ya ɗauke mu 'yan kwanaki. Muka share ƙaramin ɗakin ajiya, muka sa babbar kwamfutar a kan tebur, tare da batirin da zai riƙe ta in wuta ta ɗauke, da wani dogon akwati mai ramuka a jere, wanda ta ce sunansa suwic, a nan duk kebul ɗin za su haɗu. Ni ne mai hawa tsani. Na bi bango ina buga farin bututun roba, muna zura kebul a ciki saboda ɓeraye. Kawu ya sa aka fito masa da kujera ƙofar ajin, yana jan carbi yana ba da umarni.

Abin da ya fara kama ni shi ne cikin kebul ɗin. Da ta feɗe bakinsa sai ga siraran wayoyi takwas, biyu-biyu a murɗe da juna kamar kitso: ruwan lemo, kore, shuɗi, ruwan ƙasa, kowace da abokiyarta mai ratsin fari. Ta warware su, ta jera su a tsakanin yatsunta bisa wani tsari da ba ta ko tsayawa tunani a kansa, ta datse bakinsu daidai, ta tura su cikin ɗan kan roba, ta matse da filaya har ya yi ƙas.

"Me ya sa ake murɗe su?" na ce.

"Wayar lantarki da ke bango, da fanka, da injin niƙan maƙwabta, duk suna sa hayaniya a kan saƙo. In wayoyi biyu suna murɗe, hayaniyar tana faɗa musu daidai wa daida, sai a can ƙarshe a cire ta, saƙon ya fito tas."

Na daɗe ina juya guntun kebul ɗin a hannuna. Wani mutum, a wani wuri da ban sani ba, ya zauna ya gano cewa murɗa waya biyu kawai yana kare magana daga hayaniyar duniya. Ga shi abin ya iso har ɗakin Kawu, a bayan masu soya ƙosai. Na ce ta koya mini. Na farko da na yi, na sa kore a wurin shuɗi. Ta yanke, ta miƙo mini wani kan robar.

Da muka gama jan kebul, Kawu ya yi tambayar da ni ban yi tunaninta ba. Ya nuna ramin soka kebul da ke bango da sandarsa. "'Yata, kin ce iska kowa yana iya sata. To wannan fa? In wani ya shigo ya zare akwatinku, ya soka nasa?"

"Madalla, Kawu. Shi ya sa aikin bai ƙare ba."

Ta zauna gaban babbar kwamfutar, ta yi wa kowane akwati shaidarsa, wata irin takarda da ba a gani da ido, mai ɗauke da hatimin babbar. Ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya tana sa musu. Ta ce daga yanzu duk abin da aka soka a bango, suwic ɗin zai tsayar da shi ya nemi shaida tukuna. Shi ma akwatin ba zai yarda haka kawai ba, sai babbar ta nuna masa tata. In sun gamsu da juna, sai a buɗe hanya, kuma duk abin da zai wuce tsakaninsu a rufe yake, ko wani ya tsinka kebul ɗin ya saurara ba abin da zai fahimta.

Don Kawu ya gani da idonsa, ta zare akwati ɗaya, ta soka tata kwamfutar ta aiki a wurinsa. Muka jira. Ba abin da ya faru. Ta gwada shiga, hanya a rufe. Ta mayar da ɗan akwatin, kafin in gyara tsayuwa allon ya yi haske, yana neman sunan mai shiga.

"Ke kika haɗa shi, kuma ya hana ki?" in ji Kawu.

"Bai san fuskata ba, Kawu. Shaida ya sani."

Kawu ya ce, "Subhanallahi." Daga nan ya tashi ya matso da kujerarsa cikin ajin.

Akwati ɗaya ne ya ƙi, na kusa da taga. Ta canza kebul, ta canza rami, ta sake sa masa shaida, duk a banza. Zufa ta jiƙa mata mayafi. Sai can ta buɗe wani shafi a cikinsa, ta yi tsaki, ta kira ni. Agogon akwatin yana nuna wata shekara da ta wuce tun ita tana 'yar firamare. Ƙaramin batirin da ke riƙe masa lokaci ya mutu a hanya. Da babbar ta nuna masa shaidarta, sai ya duba kwanan watan da ke jiki, ya ga a lissafinsa ranar ba ta zo ba tukuna, ya ƙi yarda.

"Wato a ganinsa ƙarya ake masa," na ce.

"A ganinsa. Kuma ba zai iya tambayar kowa lokaci ba, tunda ba a bar shi ya shiga ba."

Na gangara wajen mai gyaran agogo da ke gaban masallaci, na sayo batir mai kama da kwabo. Ta sa, ta gyara masa rana da wata da shekara da hannunta, ya shiga kamar sauran. A hanyar dawowa daga sallar magariba ina ta tunanin abin, har na wuce ƙofar gida.

Kafin ta koma bakin aikinta, ta nuna mini yadda zan ba kowace ɗaliba sunan shiga da kalmar sirri. Ta kuma ce mini wani abu da na ji amma bai zauna mini ba: aikin mutum ba ya cikin akwatin da ke gabansa, don haka ko akwatin ya mutu, aikin yana nan.

A cikin ɗalibaina akwai wata Hajiya mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a Maamobi, ta girme ni nesa. Daga arewa ta zo Accra tun tana budurwa, Hausarta irin ta Zongo ce, gauraye da Twi da Turanci, mace da namiji duk "ya" take ce musu. Ta fara riƙe fensir ne bayan ta yi jikoki. Da kwamfutoci suka zo, na ce kowace ta rubuta wani abu game da kanta. Wasu suka yi layi biyu suka gaji. Hajiya kuwa ta ɗauki labarin ranar da ta baro garinsu a saman motar doya. Da yatsa ɗaya take bugawa, tana neman kowane harafi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, leɓɓanta suna motsi. Cikin makonni ta kusa cika shafi.

Wata la'asar ta damina ruwa ya sauko da ƙarfi, har ba ma jin juna saboda ƙarar kwano. Sai na ga yoyo yana ɗiga daidai kan soket ɗin da ke ƙarƙashin teburin Hajiya. Ban tsaya yin bayani ba, na yi tsalle na kashe wutar wannan bangon. Allonta ya yi baƙi.

Ta ɗora hannu biyu a ka. "Ei, Ticha! Ka kashe shi! Tun da na zo ina rubutu, ban adana ba. Duk ya tafi ke nan?"

Ni ma ban taɓa gwadawa ba. Na ce, "Hajiya, taso ki zauna a nan." Na nuna mata wani teburi a ɗaya ɓangaren, inda babu kowa.

"Wannan ba nawa ba ne. Nawa shi ne wancan."

"Ki dai zauna, ki sa sunanki."

Ta zauna tana huci. Sauran matan suka bar nasu suka kewaye ta. Ta buga sunanta, ta sa tafin hannu ta kare kibod ɗin kamar yadda na koya musu, ta buga kalmar sirrinta. Allon ya ɗan yi duhu, sannan ya buɗe.

Ga shafinta nan, yadda ta bar shi. Ba wanda ta adana jiya ba, na yanzun nan. Layin ƙarshe ya tsaya a tsakiyar kalma: tana rubuta yadda uwarta ta bi motar da gudu, ta buga "gu", ɗan sandan rubutu yana ƙyaftawa a gaban harafin yana jiran sauran.

Ruwa yana ta dukan kwano. Ni da na ja kebul ɗin da hannuna, na san kowane lungu da ya bi, sai da tsigar jikina ta tashi. Wata mai sayar da atamfa ta ce a hankali, "Ya biyo ki, Hajiya."

Hajiya ta juya ta kalli mataccen allon da ke can, ta kalli wannan, ta kalle ni. "Ticha, yaya ya san ni ne?"

Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga ba shi take nema ba. Ta share ido da gefen mayafinta, ta ce, "Allah mai iko." Ta miƙa yatsanta, ta nemo "d", ta nemo "u".

Kafin damina ta ƙare ta gama labarin, ya kai shafi biyu. Na buga mata shi a takarda, ta tsaya gaban aji ta karanta, tana sa yatsa a ƙarƙashin kowace kalma. A nan muka ji cewa uwar tata ta cim ma motar a wajen da hanya ta lalace, ta jefo mata ƙullin gyaɗa, kuma ganinsu na ƙarshe ke nan. Yawancin matan ajin ta wannan hanyar suka zo Accra, kowace a motarta. Da Hajiya ta kai ƙarshe, wata da ba ta taɓa wuce layi biyu ba ta ɗaga hannu.

"Ticha," in ji ta, "gobe ka buɗe da wuri. Ni ma nawa yana da tsawo."