Habibatu da Jar Gyaɗar Uwarta

Faɗanmu da Habibatu 'yar Miri a kan mudun gyaɗa ne. Ajiya ta kawo mini nan unguwar Gwallaga, ɓeraye sun addabi rumbunta. Ni kuwa mai ƙuli-ƙuli ce, hannuna ba ya ganin gyaɗa ya zauna lafiya. Na shanya ta, na murje jan ɓawon nan tas, na sheƙe, wai na rage mata aiki.

Da ta gani sai ta dafe kai. "Yaya, kin tuɓe musu riga! Iri ne fa!"

Na ce, "To, biki za su je a ƙarƙashin ƙasa?"

Ta fasa ƙwaya ɗaya, ta nuna mini ɗan tsiron da ke kwance a tsakiya, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta ce jaririn ke nan. Tun yana cikin ƙasa ake yi masa fatar nan a hankali, fara da farko, sannan ta yi ja, ta yi santsi kamar an shafa mata mai. Ita ke tsare shi daga ruɓewa. Shi ya sa ba ta tuge gyaɗar iri da wuri, ko da kowa ya gama.

Abin da na murje, da ta shuka ko rabi bai tsiro ba. Wata biyu ba ta gaishe ni ba. Da gaskiyarta, amma ban faɗa mata ba.

Irin nan na uwarta ne, ƙanana, ja wur, ga mai kamar me. A da, in aka soya shi a Miri, har bakin titi ana jin ƙamshi. Shekara arba'in Habibatu tana riƙe da shi. Aka kawo sabon iri, kowa ya koma, ita ta ce ta gode.

Bara aka yanka gonarsu fuloti-fuloti, ciwo kuma ya kwantar da ita. Na je dubiya, ta jawo ƙullin tsumma daga ƙarƙashin matashi. Irin da ke ciki bai cika tafi biyu ba.

"Ba wanda zai shuka, Yaya. Yaran nan duk sun koma birni. Ki soya ki ci, kada ƙwari su riga ki."

Na ce, "Ji shirme! Gona ce ba ni da ita, Habi, amma ina da tsohon baho har uku a bayan ɗaki. Ruwan farko na sauka zan shuka. Ke dai ki tashi ki zo ki yi mini tsiya."